Mai Zane Shida da Ƴar Ɗorawa

Ranar da Rahinatu ta fara shiga shagon Yazidu, sallama uku ta yi ba a amsa ba. Firjin da suke ajiye allurar rigakafin dabbobi a sarbis ɗinsu, wato ofishin kula da dabbobi, ne ya tsaya, aka ce mata duk Dakoro babu wanda ya san kan batir da faifan hasken rana kamarsa. Ta tarar da shi durƙushe gaban wani akwatin gilashi cike da ruwa, da sirinji a hannu, hancinsa na gogar gilashin.

Sai da ta buga tebur sannan ya waiwayo. Ya dube ta, ya dubi farar rigar aikinta, maimakon ya ba ta haƙuri sai ya tambaye ta ko ta san maganin tsutsa.

"Ta akuya ko ta raƙumi?" in ji ta.

"Ta murjani."

Ita dai murjanin da ta sani shi ne na wuyan kakarta. Ya nuna mata wasu abubuwa masu rassa a cikin ruwan, ya ce su ne murjanin, suna da rai, daga Kwatano ya zo da su, inda ya yi shekara biyar yana kula da irinsu a wani otal. Wasu ƴan tsutsotsi jajaye masu faɗi ne suka lulluɓe su. In ya zuba magani, gubar matattun tsutsotsin na iya kashe komai. Abin da yake nema wani ƙaramin kifin teku ne mai tsince su, sai dai iri-iri ne, ya rasa wanda zai zaɓa.

Ta ce masa allurar shanu dubu biyu na can tana lalacewa. Ya miƙe da sauri, kunya ta kama shi, kafin azahar firjin ya tashi.

Daga nan ya fara zuwa zance. Yana kiranta Likitata, ita kuma don tsokana ta sa masa Sarkin Ruwa. Mutum ne mai kirki da sanyin magana, aibinsa ɗaya: duk inda hira ta faro, a ruwan gishiri take ƙarewa. Ran da ta yi sabon kitso ta sha lalle, ya kalle ta har ta sunkuyar da kai, sai ya ce launin gyalenta sak na wani kifi ne da ya taɓa rainonsa. Kwana biyu ba ta ɗauki wayarsa ba. A na uku saƙo ya shigo:

"Likitata, na yi kuskure. Kifin nan bai kai ki ba ko kusa. Na rantse yau ba zan ambaci ruwa ba, ko ƙishirwa ta kama ni."

Ta yi tsaki, ta karanta shi sau huɗu.

Mahaifinta, Malam Jimrau, makiyayi ne da ya zauna gari bayan ƙafa ta gaza. Da ya ji labari ya ce sam. A ƙasar da mata ke cin rabin yini a bakin rijiya, wai a sami namiji mai zuba gishiri a ruwa mai daɗi don kifin da ba a ci. Ga Samba, ɗan amininsa na Korahane, mai garke da hankali, ya daɗe yana aiko gaisuwa. Ba zai tilasta mata ba, in ji shi, amma ba zai miƙa ƴarsa ga mai wasan yara ba.

Tana cikin wannan damuwar wani saƙon Yazidu ya faɗo wayarta:

"Har yanzu na kasa zaɓa. Mai zane shida ta fi kyau da kuzari, amma masifaffiya ce, ba za ta bar kowa ya sha iska a gidan ba. Ƴar ɗorawar tana da haƙuri, sai dai in ba a rufe ta ba fita take yi. Turo mini hotunansu in sake dubawa."

Rahinatu ta zauna a bakin gado. Wato ita tana nan tana jayayya da mahaifinta a kansa, shi yana can yana auna mata kamar tumaki a kasuwa. Ta rubuta masa: "Allah ya ba da zaman lafiya da wadda aka zaɓa." Ta toshe lambarsa. Ya zo ƙofar gida sau uku, ta aika a ce ba ta nan. Da Samba ya zo gaisuwa har ta fita ta zauna, ya yi ta lissafa mata shanunsa, ita kuwa ba abin da take ji sai haushin wanda ba ya wurin.

Malam Jimrau ya ga ƴarsa ta daina cin abinci, ya ɗauki sandarsa ya nufi shagon don ya kashe maganar gaba ɗaya. Ya fita da hantsi. Har la'asar bai dawo ba.

Da ya shigo, ya zauna a tabarma ya sha fura, ya ce da Inna Zainabu, mahaifiyar Rahinatu, yaron nan ba wawa ba ne. Ruwa jarka ɗaya yake canzawa duk sati biyu, bai kai abin da akuya ke sha ba. Kuma wanda ya riƙe abu mai rai shekara uku a zafin Dakoro bai bari ya mutu ba, makiyayi ne ko bai da ko tunkiya. Kifin da yake nema kuwa aikin carki yake yi, mai cire wa shanu kaska.

"Na ma zaɓar masa," in ji shi. "Na ce ya ɗauki ƴar ɗorawa. Ba a sa mafaɗaciya cikin garke don kyanta."

Rahinatu ta leƙo daga ɗaki. "Baba, kai ma da kai aka zaɓa masa matar?"

"Wace mata? Kifanya ce mai ruwan ɗorawa, ba ta kai yatsana ba. Sai ya yi wa akwatin murfi, ya zuba mata yashi, wai ciki take kwana."

Inna Zainabu ta yi dariya har da riƙe ciki. Rahinatu ta koma ɗaki, ta rasa da wa za ta yi fushi. Ta buɗe lambarsa, saƙonni goma sha ɗaya suka zubo. A na farkon ya ce wancan saƙon ga abokinsa Abarci na Kwatano ya yi niyyar tura shi, hannu ya kuskure. Na ƙarshen ya ce:

"A kan kifi na yi wata shida ina shakka. A kanki ban yi ko minti ɗaya ba. Ki yafe mini, Likitata."

Ta amsa: "Na yafe. Amma ka koyi rubuta kalmar kifi."

Samba ya karɓi haƙurin da aka ba shi da mutunci, har ya aiko da rago. Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Abarci ya iso da safen ranar, riƙe da kula mai kifanyar a ciki. Ana gama fatiha aka nemi ango aka rasa, abokai suka zaga gari. Rahinatu, cikin lulluɓi da ƙawaye kewaye da ita, ba ta ko tambaya ba. Ta jawo waya ta rubuta: "Sarkin Ruwa, in ba ka fito daga shagon nan ba, Baba zai ji."

Amsa ta zo nan take: "Baba ne ke riƙe mini tocila. Ta fara tsince su. Ga mu nan tafe, matata."

Kalmar ƙarshen ta tsaya mata a ƙirji, fushin ya ƙi zuwa. Inna Zainabu ta karɓe wayar, ta dafa kanta, ta ce haƙurin da za ta yi ta riga ta ga samfurinsa.

"Allah ya sa alheri a tsakaninku, ƴata. Ya ba ku zuri'a mai albarka, ya sa ku tsufa tare."

Ɗakin ya amsa da amin, Rahinatu ma ta amsa a ƙarƙashin mayafi, tana murmushi.