Kwalabe Talatin da Bakwai

Ranar da ta fara ganinsa, tef ɗin awo ne a wuyansa, fensir a bayan kunne. Yayarta ce ta kira shi ya yi durowar kayan kwalliya, don ta gaji da taka jagira duk sanda ta shiga ɗakin ƙanwarta.

Ya tsaya bakin ƙofa yana kallon ikon Allah. Gaban madubi ya cika, bakin taga ya cika, ga kwalayen takalmi uku suna leƙowa daga ƙarƙashin gado.

"Durowa nawa kike so?"

"Goma sha biyu."

"Bangon nan huɗu zai ɗauka."

"To ka yi dabara mana."

"Ranki ya daɗe, ni kafinta ne, ba mai faɗaɗa ɗaki ba."

Dariya ta ƙwace mata. Tef ɗin ya suɓuce, suka sunkuya tare za su ɗauka, gumi na ta zuba ga fanka ta lalace. Ya ɗago ya dube ta ɗan jim, ta yi saurin kawar da kai.

A gida 'Yar Hoda ake ce mata. A kantin magani take aiki, kuma tun tana shekara sha uku babu baƙon da ya taɓa ganin fuskarta ba shafi. Da wani baƙin tabo aka haife ta, faɗin tafin jariri, daga kuncin hagu zuwa ƙasan kunne. Duk sabuwar hodar ruwa da ta gani sai ta saya, ko wannan ce za ta rufe shi gaba ɗaya.

Aikin kwana biyar ya kai wata guda, kullum da abin da Kafinta ya manta bai auna ba. Durowa ta kammalu, shi bai daina zuwa ba.

"Sarauniya, na auna katako ɗari yau, babu wanda ya yi daidai da zuciyata irin ki."

"Mai Awo, Allah ya shirye ka. Da katako kake haɗa ni?"

"Da mai tsadar ne."

Sai ya kai ta ta gaida Ummansa. Ta sha kwalliya ta awa biyu. Umma ta amsa gaisuwa a daƙile, 'yar maƙwabta kuwa, wadda ta daɗe tana kai wa Kafinta ruwan sanyi shago, tana gefe tana murmushi. Tare suka yi firamare da 'Yar Hoda, ta san komai.

Kwana uku babu kira. A na huɗu saƙo ya shigo.

"Umma ta ƙi. An ce mata akwai abin da kike ɓoyewa, ita kuma ta ce ba za ta karɓi surukar da ba ta san fuskarta ba. Ki ba ni lokaci, ina lallashinta."

Ta karanta har sau biyar. A ranta ta ce shi ke nan, shi ma an gaya masa, ladabi ne kawai ya hana shi cewa ya fasa. Ta yi kuka mai isarta. Da safe ta share ido, ta shimfiɗa tsohon zanen gado a tsakar ɗaki, ta juye komai a kai.

Yaya ta leƙo. "Gwanjo za ki buɗe?"

"Kawo mini kwanduna uku, Yaya. Na zubarwa, na kyautarwa, na ajiyewa."

Ta fara da maskara, tana buɗewa tana sunsunawa. Wata ta bushe, wata tana tsami. Yaya ta ɗaga wani jan-baki ta juya gindinsa.

"Ke da kike wa mutane wa'azin ranar lalacewar magani! Wannan ai ya girmi ɗan farina."

"Zuba a na farko."

Buroshi ta wanke ta jera a kan tawul. Gazal tara iri ɗaya, ta ɗauki biyu. Da ta zo kan hodar ruwa sai hannunta ya tsaya. Ta jera su ta ƙirga: talatin da bakwai. Kusan duk kala ɗaya, kusan duk sau biyu ko uku aka taɓa.

Yaya ta daina wasa. "Ƙanwata, ki bar ko goma."

"Shekara goma ina saye, Yaya, babu wadda ta cire tabon. Ɗaya ta ishe ni, don ranar da na ga dama."

Waɗanda ba a buɗe ba ta ware wa abokan aikinta, sauran suka bi shara. Kafin la'asar durowa ta farko ta ɗauki na ido, ta biyu na leɓe, ta uku hoda da buroshi. Ta huɗu ta rasa abin sakawa, ta bar ta haka.

Ta wanke fuska, ta zizara kwalli kawai, ta rubuta masa: "Ina hanyar gidanku. Idan za ka ƙi ni, ka ƙi ni da gaskiyata."

Tana isa ta durƙusa gaban Umma, ta janye gyale daga kuncinta.

"Umma, ga abin da nake ɓoyewa. Babu wani bayan shi."

Umma ta gyara tabarau, ta kama haɓarta ta juya wajen haske. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan ne? Wannan ne kawai?"

"Shi ne, Umma."

"Ikon Allah. Ni na ɗauka hali ne." Ta waiwaya wajen 'yar maƙwabta da ke zaune a gefe. "Ke kuma tashi, uwarki na nemanki."

Kafinta ya shigo yana haki, garin katako har gira. Ya dube ta, ko gezau bai yi ba.

"Ba ka ce komai ba," ta faɗa.

"Me zan ce, Sarauniya? Tun ranar da tef ya faɗi na gani, gumi ya wanke rabin hodar. Wa ya ce miki awon bango ɗaya na cin wata guda?"

"Kai, tafi can!" in ji Umma, tana danne dariya. "A gabana?"

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. 'Yar Hoda ta yi kwalliyarta da hannunta, jan-baki ya zauna raɗau, tabon kuma yana nan inda Allah ya ajiye shi. Umma ta dafa kansu ta ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya mai albarka, kowa ya ce amin.

Da aka kafa durowar a sabon ɗaki, ango ya jawo ta huɗu ya ga wayam.

"Wannan fa?"

Amarya ta zare fensir daga bayan kunnensa, ta cire tef ɗin daga wuyansa, ta saka su ciki ta tura.

"Taka ce, Mai Awo. Ka gama awo."