Lamba Arba'in da Bakwai

Ana gab da magariba alƙalin lokaci ya koma layin ƙarshe don naɗe wayar da ya shimfiɗa a kan kwalta. An gama tseren keke tun la'asar, kowa ya kama gabansa. Aikin nasa ba wuya: kowane keke ana ɗaura masa 'yar na'ura kamar kwalin ashana, da ya tsallake wayar sai kwamfuta ta yi ƙara, ta rubuta lamba da lokaci. Kullum cika baki yake yi wai na'ura ba ta san ɗan kowa ba.

Ita ba ta sani ba, amma shi ya sani. Bara ƙaninsa, mai lamba arba'in da bakwai, ya riga ɗan shugaban ƙungiyar tseren da ƙiftawar ido. Shugaban ya dafa kafaɗar alƙalin ya tambaye shi ko har yanzu yana son aikinsa. Sai ya goge sakamakon, ya ce na'urar ƙanin nasa ce ta lalace. Bayan wata biyu tirela ta bi ta kan ƙanin wajen atisaye, shi da keken da na'urar.

Ya durƙusa ya kama wayar. Kwamfutar ta yi ƙara.

Ya ɗaga kai. Titi fayau, ko kare babu. A fuskar kwamfuta kuwa ga arba'in da bakwai, ga lokacin nan na bara, daidai da daƙiƙarsa.

Sai ƙaurin man sarƙar keke da warin zufa. Sai ƙarar taya tana juyawa a bayansa, tik, tik, tik, tana rage gudu.

Ta tsaya.

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa.

"Yaya," aka ce a hankali, "wannan karon ka gani?"

Bai san sa'ad da ya kai gida ba, ƙafa ɗaya babu takalmi.

Washegari ya je ya roƙi shugaban a mayar wa mamacin haƙƙinsa. Shugaban ya yi dariya. "Malam, ai sa hannunka ne a takardar sakamakon. Ni me na goge?"

Bai bar aikin ba, yaransa na makaranta. Amma tun daga ranar, kowane tsere arba'in da bakwai ke fara fitowa. Shi kuma sai ya sa yatsa ya goge ƙaninsa kafin kowa ya gani.