Jirgin da Saude Ta Zaɓa

A tashar Isa Saude ta fara ganin Labbo, a shekara ta biyu da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. A lokacin direbobi ba sa tashi ɗai-ɗai, sai motoci sun taru su kama hanyar Sabon Birni a jere, saboda mutanen daji. Kowa na kan benci ya yi tagumi.

Yana gefenta, dogo siriri, da jakar magungunan dabbobi a cinya, ya ƙura wa waya ido. Leƙen wayar mutane ba halinta ba ne. Amma idonta ya faɗa kan hoton ƙaramin jirgin sama mai batir, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, mai tsinin baki kamar na yaƙi.

"Ka taɓa tuƙa irinsu?" Maganar ta fita kafin ta riƙe ta.

Ya ɗago. "Ko taɓa shi ban taɓa yi ba, Malama."

"To wanga ba na koyo ba ne. Kahin ka ƙifta ido ya ci ƙasa."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana jin haushin bakinta. Shi kuwa ya miƙo mata wayar da hannu biyu.

Saude ta karanta kimiyyar lissafi a jami'a a Sakkwato, kuma ita kaɗai ce mace cikin ɗaliban da ke harhaɗa irin waɗannan jirage a bayan ɗakin gwaji. Yanzu tana koyarwa a makarantar 'yan mata da rufewarta ta fi buɗewarta yawa. Ta daɗe ba wanda ya tambaye ta abin da ta sani.

Ta yi ta zame hotuna har ta tsaya kan wani rawaya mai faɗin fiffike, marar fasali.

"Ka ga fiffikensa bisa gangar jiki yake, in ka rikice ka saki rimot shi da kansa zai daidaita. Farfela tana baya, ko ya sari ƙasa da hanci ba ta karyewa. Jikinsa irin farin soson da ake naɗo firij ne, gam da salatif sun ishe ka gyara. Kuma ba shi da sauri. Ka haɗa da batir na biyu."

"Ba shi da kyau," in ji shi.

"Awo, ba shi da."

Ya yi murmushi. "Na gane. Wanda bai iya tatsa ba, ba a ba shi saniya mai harbi."

Ya ce kiwon lafiyar dabbobi ya karanta. Shanunsu na mutuwa a tsaye, kuma duk wanda aka aika daji neman inda ruwa ya rage, da ransa a hannu yake tafiya. Burinsa wata rana ya tura jirgi mai kyamara ya dubo masa.

"Kyamara sai hannunka ya faɗa," ta ce. "Na fari a bar shi makaho."

Da motoci suka tashi, lambarta na cikin wayarsa.

Washegari saƙo ya shigo.

"Salamu alaikum Malamata. Ɗalibinki ne na tasha. Na sa direban Kano shi kawo mummunan nan da kika zaɓa."

Ta karanta ya fi a ƙirga kafin ta amsa.

"Wa alaikumus salam. Ba mummuna ba ne, mai haƙuri ne."

"To za ni so shi. Masu haƙuri nika so tun can."

Ta kife wayar a kan tabarma.

Kafin jirgin ya iso, hira ta wuce maganar fiffike. Shi yana kiran ta Malamata, ita tana kiran shi Matuƙi, ko da yake ko keke bai cika iyawa ba. Ta san labarin Inno mahaifiyarsa, tsohuwar da suka baro rugarsu ta wajen Kurawa tare suka raɓe a bakin garin Sabon Birni. Ya san yayanta Usmanu, wanda aka harbe a gonarsu ta Gangara yana noman fari, abin da ya sa mahaifinta Malam Wada ya kwashe iyali zuwa Sabon Birni.

Da Labbo ya turo kawunsa neman izinin zance, Malam Wada ya karɓe shi da ruwa da tabarma, ya sallame shi ba amsa. Sannan ya kira ta.

"Saude, ban ce yaron ga shi yak kashe Usmanu ba. Amma waɗanda sunka kashe shi, da harshensu nij ji suna magana. Ba ni iya kallon suruki ina tuna wanga abu."

"Baba, ba ka ko gan shi ba."

"Ba ni bukata. Ga Yari nan, ɗan aminina, shina cikin masu tsaron gari, kowa ya san gidansu. Ki daina amsa wayar wancan."

Ta ce to. Ta yi kwanaki ba ta amsa ba, tana ganin saƙonninsa na taruwa. Yari kuma ya fara zuwa da yamma a kan babur, da bindigar toka a kafaɗa, yana ba ta labarin wanda suka kama da wanda ya tsere. Ba ta ce masa komai sai sannu.

Ranar da jirgin ya iso, hoto kawai Labbo ya turo, Inno na riƙe da fiffike kamar faifai. Saude ta kasa daurewa.

"Ka fara caja batir, kada ka bar shi cikin rana. Ka jefa shi yana fuskantar iska. Hannu a hankali, kamar kana shafa ɗan maraƙi."

"Ashe kina raye, hasken idona."

"Ina raye. Baba ya hana."

"Na sani. Za ni jira. Amma ina za ni koya? In mutanen gari sunka gan ni ƙato da abin wasa yana faɗuwa, kunya ta kashe ni."

Ta ba shi amsar da aka koya mata a Sakkwato, wadda ke cikin kowane littafin koyo.

"Nemi fili mai faɗi inda babu kowa."

Ya samu busasshiyar fadama a hanyar Kurawa, can bayan gonakin da aka daina nomawa. Kullum da hantsi sai ya naɗe jirgin cikin buhu ya fita, ya dawo ya ba ta labari.

"Yau ya shiga ƙaya. Na ɗaure mai hanci da salatif."

"Yau ya zaga sau ɗaya ya dawo gare ni, Malamata. Na zauna ƙasa ina dariya ni kaɗai. Rabona da dariya tun bara."

Tana karantawa tana murmushi, ba ta taɓa tsayawa ta yi tunanin yadda abin zai kasance a idon mai leƙe daga nesa ba: Bafillace shi kaɗai, da buhu, a bakin daji, yana aika wani abu sama.

Wata Laraba bayan azahar maƙwabciyarsu Zulaihatu ta faɗo gidan ba sallama.

"Sun kama mai ba mutanen daji labari. Wai da jirgi shika ɗaukar hoton gari. Shina ƙofar mai unguwa, sun ce ba shi kai la'asar."

Saude ba ta tuna sanya takalmi ba.

Ƙofar gidan ta cika. Labbo na zaune a ƙasa, riga a yage, hannunsa na dama ya kumbura ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Jirgin na gabansa, rawaya, da salatif a hanci. Dattawa na kan tabarma, Malam Wada a cikinsu. Yari na tsaye yana bayani.

"Kwana da kwanaki muna bin shi. In abin kirki ne, mi ya hana shi yi cikin gari? Akwai ido cikin abin ga. Da shi sunka san ranar da za su tare hanyar Bafarawa."

Aka yi gunaguni. Wani daga baya ya ce a daina ɓata lokaci.

Saude, wadda ko a aji sai ta kalli allo take iya magana, ta ratsa maza ta durƙusa gaban tabarmar.

"Baba mai unguwa, a gafarce ni. Ni niz zaɓa mai jirgin ga. Ni kuma nic ce shi tahi inda babu kowa, ai haka anka koya muna a makaranta, kada shi faɗo kan mutane."

Ta ji idon mahaifinta a kanta, ta san ya gane ba ta daina amsa wayar ba.

"Son shi taka yi, shi ya sa," in ji Yari.

"Ina son shi," ta ce, kanta a ƙasa. "Amma ba sai kun yarda da ni ba. Babu ido cikinai, kuma ba shi wuce inda mai riƙe da rimot ka hange. A yanka a gani."

Mai unguwa ya dubi dattawa. Babu wanda ya so taɓa abin. Sai Malam Wada ya miƙe, ya zaro wuƙar da yake ferar ƙota da ita, ya tsuguna.

"Ni nar rasa ɗa," ya ce. "In akwai ido, ni za ni fara ganinai."

Ya tsaga cikin tun daga hanci har wutsiya. Farin soso ya yi ta zuba. Ya ciro batir, ya ciro wayoyi da ɗan injin farfela, yana ɗaga kowanne Saude na faɗin aikinsa. Aka kira mai gyaran waya na bakin kasuwa ya jujjuya su, ya ce babu kyamara, babu wurin sa ta. Malam Wada bai tsaya ba sai da ya yanka fiffiken biyu gunduwa-gunduwa. Labbo na kallo.

Da ba sauran abin yankawa, tsohon ya daɗe a tsugune da wuƙa a hannu. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Yari ya ce ai tsaro ya gaji haka, ya hau babur. Babu wanda ya ce a yi haƙuri.

Mai ɗori ya ce hannun zai haɗe, amma babban yatsa ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Da hagu Labbo ya rubuto mata, haruffa na tsallake juna.

"Kada ki yi kuka Malamata. Makahon da kika zaɓa shi ya cece ni."

"Ni nit tura ka can."

"Kunyata ta tura ni. Mu raba laifin biyu, kamar yadda za mu raba komi."

A gida Malam Wada bai yi mata faɗa ba, bai kuma yi mata magana ba. Ranar Juma'a bayan masallaci ya ɗauki sandarsa ya nufi bakin gari wurin su Labbo shi kaɗai. Abin da ya gani, daga baya ya faɗa wa mahaifiyarta, Saude na jin su daga ɗaki. Shanu kaɗan da ƙashin haƙarƙari a waje. Bukka biyu. Inno ta shimfiɗa masa buzu, ta ba shi haƙurin rashin nono. Da ya tambayi mai gidan, mahaifin Labbo, ta ce mutanen daji sun tafi da shi tare da rabin garken, don ya ƙi ba su Labbo ya shiga cikinsu. Ko gawarsa ba su samu ba.

"Ni ko na binne nawa," in ji Malam Wada.

Bayan sallar layya aka ɗaura auren, ba kiɗa, ba taro, sararin sama fari fat. Sadaki karsana ce ramammiya, ita ta fi sauran ƙarfi. Maƙwabta da dama ba su zo ba, wasu don kunyar abin da suka yi, wasu don har yanzu suna kan bakansu. Waɗanda suka zo sun zauna gefe guda, dangin ango gefe guda, da fili a tsakani.

Aka fito da tuwon dawa. Saude na leƙe ta tagar ɗakin da aka lulluɓe ta. Ta ga an ajiye kwano gaban Labbo, ta ga ya dubi hannunsa na dama da ke ɗaure cikin karare. Ba zai ci da hagu gaban surukai ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi.

Malam Wada ya tashi daga cikin mutanensa, ya ratsa filin nan, ya zauna a tabarmar Fulani. Ya wanke hannu, ya jawo kwanon tsakaninsu. Ya yanko loma ya ci. Ya yanko ta biyu, ya shafo miya, ya kai bakin angon.

"Baba," in ji Labbo, yana kau da fuska.

"Buɗe baki, ɗana. Hannuna ya gaji."

Ya buɗe.

Saude ta saki labulen ta zauna, hawaye na zuba kan lallenta. Inno, da ta shigo ɗaukar amarya, ta dafa kanta da busasshen tafinta.

"Allah shi ba ku zama lahiya, ɗiyata. Shi ba ku 'ya'yan da za su tahi daji su dawo."

Matan ɗakin suka amsa da amin, a hankali.