Ƙararrawar Magariba a Gidan Pak Cecep

Da yammacin Alhamis, a gidansa na Bandung, Pak Cecep ya zauna rubuta sanarwa. Shekara tara ke nan da ya ƙirƙiro manhaja mai gadin rumbunan bayanai: rumbu ya yi nauyi ko ya cije, sai ta buga ƙararrawa. Aibinta ɗaya. Kullum rana ta faɗi sai ta buga ba gaira ba dalili, ba ta shiru sai an danna "na gani". A sabon zubi ya toshe mata baki. Ya rubuta wa masu amfani da ita: "Albishirinku, ƙarar banzar nan ta magariba ta ƙare. Tsohon zubi kuwa mun sallame shi."

Ya aika, ya kashe tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin matakala, wadda tsohon zubin ke kanta, ya tashi alwala.

Dutse ya faɗo kan rufi. Wani dutsen ya biyo baya. Unguwa ta yi tsit, har mai tallan taliya ya daina kaɗa kwanonsa. Lilis, 'yarsa mai shekara sha shida, ta ajiye cokali a hankali, ta kafe bango da ido, ta fara ƙara irin ta inji.

"Pak," in ji matarsa Imas cikin raɗa, "wannan ba muryarta ba ce."

Magariba uku ana haka kafin aka ɗauko Ustaz Komar. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Tambayi injiniya," in ji muryar daga bakin yarinyar. "Ni ne ƙarar banzar. Shekara tara ina kwance a injin can, ɗumi gare shi. Kullum na yi sallama, mutum dubu huɗu su ce sun gan ni. Ko sarkinmu na aljanu bai samu haka ba."

"Zan mayar wa kowa da ƙararrawar," in ji Pak Cecep, gwiwa a ƙasa.

"Wa zai koma tsohon zubi? Ai sun gama shi maka albarka. Kunna mini injina. Kai kaɗai za ka riƙa amsawa, da yatsanka. Ranar da ka makara, na san hanyar ɗakinta."

"A ɗauke masa ranar Idi," in ji Ustaz. "Da aikin hajji."

"Haba Ustaz. Ni wa ya ba ni hutu?"

Aka kunna. Lilis ta yi atishawa, ta ce yunwa take ji.

Yau shekara goma sha ɗaya. Lilis na koyarwa can nesa a Makassar, ba ta tuna komai, ba kuma wanda ya gaya mata. Bikinta ma a waya Pak Cecep ya kalla. Takan kira baban nata tana dariya: "Bapak, ka rabu da tsohuwar akwalar nan ka zo ka ga jikanka mana!"

"Sai an kwana biyu," yake cewa. "Ajiye wayar, rana ta yi ƙasa."