Giwar Daula a Ƙofar Majalisa

Ina bisa wuyan giwa muka miƙe babban titin da ya nufi Majalisa.

Motoci sai kaucewa suke yi. Mata na leƙowa ta tagogi, masu shago na janye kayansu.

"Likitata, riƙe ni da kyau," in ji Mai Giwa, yana zaune a gabana.

Ai ko bai faɗa ba...

Ni likitar dabbobi ce. Ina makaranta Daula ta faɗi, ranar da sojoji suka ƙi harbin ma'aikatan tashar jirgin ruwa, Sarkin Sarakuna ya tsere ko takalmi babu. Aka buɗe gidajen yari, aka kafa Jamhuriya. Babana na cikin waɗanda suka fito, yanzu kuma ɗan majalisa ne da ake jin maganarsa.

Abin da Daula ta bari a bayan fada shi ne Tsohuwa, giwar da Sarki ke hawa, da saurayin da ya gaji kiwonta daga kakanninsa. Gyambon ƙafarta aka tura ni in duba. Na je wanke ciwo, na baro zuciyata a can. Yadda yake mata waƙa a kunne in zan sa magani, yadda yake karya rakensa ya ba ta, ya ba ni, shi ya tsotsi guntu... wa zai ga wannan ya tsira?

Da na faɗa wa Baba, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe, 'yarsa ba za ta auri baran fada ba. Sakatarensa kuwa, wanda ya daɗe yana min kallon kura ta ga akuya, ya samu ƙofa. Shi ya tsara ƙudurin a harbe giwar a matsayin ragowar Daula, a kori mai kiwonta bayan iyaka. Baba ya sa hannu. A safiyar nan za a kaɗa ƙuri'a.

Shi ya sa muka zo da mai laifin da kanta.

Masu gadi na ganinmu suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Tsohuwa ta tsaya a gindin matakala ta saki ƙara, 'yan majalisa suka yo waje har suna taka rigunan juna. Sakatare sai ihu yake a kawo bindiga. Can Baba ya ratso su da sandarsa, fuskar nan babu annuri.

Na sulalo ƙasa na durƙusa.

"Baba, kafin ka yanke mata hukunci, ka dubi ƙafarta."

Mai Giwa ya taɓa ta, ta ɗaga ƙafar baya. Tabon sarƙa ne ya zagaye ta, ya ci nama har ya yi rami. Mai Giwa ya yi bayani da ladabi, cewa tun tana ƙarama take ɗaure. Mahaifinsa ya taɓa sassauta mata sarƙar, aka yi masa bulalar da ta zama ajalinsa. Ranar da Daula ta faɗi, shi ya datse ƙarfen da hannunsa.

Baba ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙa min sandarsa, ya sunkuya ya naɗe ƙafar wandonsa, ya zame safa.

Irin tabon ne sak.

Ni da aka haifa a gidansa ban taɓa gani ba.

Baba ya juya ya shiga zauren, ya janye sa hannunsa, ƙudurin ya mutu. Sakatare ta ƙofar baya ya fice.

Kada ku ɗauka shi ke nan. Baba ya daina amsa gaisuwata, Mama na ta ba ni haƙuri, ni kuwa har na rame.

Wata yamma na je aiki, na hango mutum a inuwar Tsohuwa yana miƙa mata rake. Baba ne! Mai Giwa na tsugune a gefe, ya ɗago ya ƙifta min ido.

Baba bai ko kalle ni ba. Ya karkaɗe hannunsa, ya ce da Mai Giwa, "Ka turo manyanka."

Na buɗe baki zan yi godiya...

Ya nuna giwar da sanda. "Amma ka ji da kyau. Wannan surukar ba za ta kwana min a tsakar gida ba."