Garken da ke Kan Mujitaba

"Wallahi Yaya ba inda lefen nan zai koma!"

Hamdiyya ta haye kan akwatin ta zauna.

"Ke, tashi!" Yaya Labaran ya daka mata tsawa. "Mutumin da ko uwarsa bai gane ba? Surajo ya je ya gani, ya ce kan ya tafi."

Ai dole Surajo ya faɗa. Tun bara yake zarya gidansu a Kiru tana korarsa.

Tunda acaɓa ya kayar da Mujitaba, wanda za ta aura, a hanyar Doguwa yake kwance asibiti a Kano. Ido a buɗe, magana babu.

Hamdiyya ta kasa ci, ta kasa zama. Da Baba ya gaji, ya ce a shiga mota a je a gano.

Suka tarar an manna masa wayoyi a ka, allon na'ura sai zane-zane yake a hargitse.

"Baba ka gani ko? Shirme kawai," in ji Labaran.

Likita ta ce, "Malam, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kamar garken shanu suke. In ka bi saniya ɗaya, yanzu ta yi gabas, anjima yamma, sai ka ce ɓata ta yi. Hau dutse ka kalli garken duka, ka ga rafi suka nufa. Mu garken muke kallo. Kowa ya yi masa magana."

Labaran ya yi sallama. Zanen na nan a watse.

Hamdiyya ta matso, ta ma manta Baba na tsaye.

"Masoyina... ni ce... Haka za ka bar ni da su Surajo?"

Likita ta ƙura wa allo ido. "Sake!"

Ta sake. Ta kuma sakewa. Duk ta yi magana, sai layukan su karkata waje guda.

"Ban ce ya warke ba," in ji likita. "Amma muryar nan ya san ta."

Baba ya cire hula, ya mayar.

"Allahu Akbar! Labaran, a bar akwatin nan inda yake."

Sai bayan kaka aka ɗaura auren. Har yau magana na yi masa gardama. In ya tsaya yana laluben kalma, sai ta ce, "Bi a sannu angona, garken na hanya."

Ya yi murmushi.

"Rafin ai... ga shi... a gabana."