Surukin Baba Meshak

Ranar da Yemima ta fara ganin Rufus, kunu ta kai wa ƙungiyar manoman citta a harabar cocinsu a Kafanchan. Babanta, Baba Meshak, shi ke koyar da membobi, kuma Allah ya hore masa baki. In ya ɗauko daga Adamu da Hauwa'u, sai rana ta karkata bai iso kan taki ba, rabin jama'a na gyangyaɗi.

Sai ga Rufus, matashin malamin gona, ya miƙe da citta ɗaya a hannu. Ya nuna yadda ake gane irin da ya kamu da cuta, ya ce kowa ya taɓa, ya zauna abinsa. Kunu ma bai huce ba. Yemima ta saki baki riƙe da ludayi, sai da wata mama ta zungure ta.

Ƙungiya ta ce haka take so: kowane zama abu ɗaya gajere, a je a gwada a gona. Ba a jima ba saƙon Rufus ya fara shigowa wayar Yemima.

"Cittata, darasin yau: ina kewarki. An tashi."

"Malam, ban gane ba. A maimaita."

Amma da dangin Rufus suka zo gaisuwa, Baba ya ce sam. Yaron da ya ƙwace masa allo ba zai haɗa shi da 'yarsa ba. Ga Gershon nan, ma'aikaci a Abuja, mai ladabin sauraro. Yemima ta sha kuka, don ta san Gershon barci yake da ido buɗe. Ta kuma san abin da ke cin Baba a rai: tun da aka sauya tsari, ba wanda ya ƙara tambayarsa komai.

Da ta faɗa wa Rufus, kunya ta kama shi, bai taɓa lura ba. Ya bi tsohon har gona, ya durƙusa ya nemi gafara, ya roƙe shi ya riƙa ba da nasa gajeren darasin, a fara da yadda ake rufe shuka da ganye. Baba ya yi ta gunaguni, amma ya je. Ranar darasin, Baba sun yi da Yemima in ta gyara ɗankwali ya tsaya da magana. Baiwar Allah ta yi ta gyarawa har ɗankwalin ya kusa faɗuwa kafin ya gani. Yana zama hannuwa suka tashi, kowa da tambayarsa. Tsoho ya dawo gida yana waƙar coci.

Daga nan Baba ya amince da auren, bayan haƙar citta aka yi biki. Fasto ya tambaya wane ne mai ba da amarya, Baba ya karɓi makirfo ya gyara murya, jama'a suka gyara zama. Ya dubi 'yarsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ni ne. Rufus, ɗana, ka riƙe min ita da kyau. Ubangiji ya albarkace ku."

Nan take ya mayar wa Fasto makirfo. Coci duka ta amsa da amin.